Shaidar Ɗan Kallo da Hukuncin Matarki: Martani ga Mai Ɗaukar Hirar Fim a Matsayin Surutu

A cikin wata maƙala da ta yi bayani a kan halin da fina-finan Hausa suke ciki, wani marubuci ya ɗora babban kaso na laifin koma-bayan da yake gani a wuyan 'yan kallo, musamman saboda irin maganganun da suke yi a majalisa da teburin mai shayi da gidajen biki da zarar sun gama kallon fim. Hujjojinsa uku ne. Ta farko ita ce wai irin wannan ra'ayi ba shi da ma'auni, domin mai yin sa bai san ƙa'idojin shirya fim ba, abin da ya sani kawai shi ne fim ya yi masa daɗi ko bai yi ba. Ta biyu ita ce ra'ayin na gaggawa ne, ana furta shi tun zafin kallo bai huce ba, saboda haka ba a gina komai a kansa. Ta uku kuwa ita ce masu shirya fim suna bin wannan surutu ido rufe, shi ya sa ingancin aikinsu yake raguwa. Daga nan sai ya yanke cewa kamata ya yi a bar maganar fim a hannun masana. Wannan martani zai bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa marubucin ya haɗa abubuwa biyu mabambanta ya auna su da mudu ɗaya, sa'an nan ya hukunta ɗaya daga cikinsu a kan gaza yin aikin da tun asali ba nasa ba ne.

Abubuwan biyu su ne tarke da ra'ayin ɗan kallo. Tarke, kamar yadda ake amfani da kalmar a sassan nazarin Hausa na jami'o'i, shi ne feɗe aikin adabi ko na fasaha bisa wani tsari sananne, a duba jigonsa, wato saƙon da ya ginu a kai, da zubinsa da tsarinsa, wato yadda aka jera sassansa, da salonsa, wato hanyar da aka bi aka isar da saƙon, kafin a yanke hukunci mai hujja. Wanda yake wannan aiki shi ne matarki. Ra'ayin ɗan kallo kuwa bayani ne na abin da fim ya yi wa wanda ya kalle shi, ko ya sa shi dariya, ko ya sa shi ƙwalla, ko ya gundure shi har ya tashi bai ƙarasa ba. Dangantakar da ke tsakanin su biyun ta yi kama da wadda ke tsakanin mai shaida da alƙali a zauren shari'a. Mai shaida ba a neman ya san littattafan fiƙihu, abin da ake nema a gare shi shi ne ya kasance ya gani da idonsa kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, alƙali kuma duk zurfin iliminsa ba zai yanke hukunci mai inganci ba idan ya kori shaidu daga zaure. Fim abu ne da aka yi domin ya yi tasiri a zuciyar mai kallo, saboda haka labarin wannan tasiri shi ne shaidar farko da duk wani nazari zai nema.

Ma'aunin da ba a rubuta ba

Zancen cewa ra'ayin ɗan kallo ba shi da ma'auni yana rushewa da zarar an saurari kalmomin da masu kallon suke amfani da su. Idan mutum ya ce an ja fim, yana magana ne a kan zubi da tsari, domin ya lura cewa an shigar da fitowa da yawa waɗanda ba su ƙara wa labarin komai ba. Idan ya ce ƙarshen bai yi ma'ana ba, yana nufin warwarar rikicin ba ta fito daga abin da aka shimfiɗa tun farko ba. Idan mace ta ce babu matar da za ta yi wa uwar mijinta irin wannan magana a gaban jama'a, tana auna gaskiyar halayyar tauraron labari ne da abin da ta sani na zamantakewa, wanda shi ne ainihin abin da matarki yake yi idan ya zo nazarin taurari. Haka nan kalmar wankiya, wadda ake amfani da ita ga fim ɗin da aka kwaikwayo labarinsa daga wani fim na Indiya ko na wata ƙasa, da kalmar camama, wadda ake kiran fina-finan barkwanci masu ƙaramin jari da ita, duk rabe-rabe ne da suka taso daga bakin masu sana'ar da masu kallonta, daga baya manazarta suka ɗauka suka shigar cikin rubuce-rubucensu. Mutumin da zai iya gane tushen wankiya tun fim bai yi nisa ba, ya ambaci sunan na asalin da jaruman da suka fito a ciki, ya yi aikin kwatanci, kuma kwatanci ginshiƙi ne a kowane irin tarke.

Wannan ƙwarewa tana da tarihi mai tsawo. An buɗe gidan siliman Rex a Kano a 1937, daga baya wasu suka biyo baya irin su Palace da El Dorado da Plaza da Marhaba, kuma tun wajajen shekarun 1950 zuwa 1960 'yan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, suka fara shigo da fina-finan Indiya waɗanda suka samu karɓuwar da ta zarce ta na Amurka. Masanin ɗabi'un al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta yadda masu kallo suka laƙaba wa jaruman Indiya sunayen Hausa, suna kiran Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Irin wannan laƙabi taƙaitaccen nazari ne, domin ba zai yiwu ba sai an kalli jarumi a fina-finai da dama, an gane irin rawar da ake yawan ba shi, an kuma samo kalmar da ta tattare ta. Jama'ar da ta shafe sama da rabin ƙarni tana kallon fina-finai a harshen da ba ta ji, tana bin labari ta hanyar fuska da murya da kiɗa da motsin kyamara, ba za a ce ba ta san harshen hoto ba. Abin da ba ta da shi shi ne sunayen da ake ba waɗannan abubuwa a aji, rashin sanin sunan abu kuwa daban yake da rashin sanin abin.

Masana harkar sadarwa sun daɗe da yarda da wannan. A 1973 Stuart Hall na Jami'ar Birmingham a Ingila ya bayyana cewa saƙon da mai shiri ya ƙulla ba lallai ne ya zama shi mai kallo zai kwance ba, domin mai kallo yakan karɓi saƙon yadda aka nufa, ko ya karɓi wani sashe ya gyara wani bisa yanayin rayuwarsa, ko kuma ya juya shi gaba ɗaya ya fahimce shi saɓanin nufin mai shi. A kan irin wannan tunani aka gina fannin nazarin karɓuwa, wato binciken yadda jama'a suke fahimtar abin da suka kalla ko suka karanta. Kayan aikin wannan fanni su ne maganganun da marubucin ya kira surutu, ke nan wanda ya nemi a yi watsi da su da sunan ilimi ya nemi a rufe wani reshe na ilimin da yake karewa.

Gaggawa da sauyin hukunci

Hujja ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, domin abin da mutum ya faɗa a daren da ya kalli fim yakan bambanta da abin da zai faɗa bayan shekara guda. Sai dai marubucin ya ɗauka cewa wannan rauni na 'yan kallo ne su kaɗai, alhali tarihin fim cike yake da misalan da suka nuna akasin haka. Fim ɗin Sholay na Ramesh Sippy, wanda kusan duk tsohon mai kallon Indiya a ƙasar Hausa ya san shi, ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, kuma masu sharhi na jaridu da dama suka kushe shi, kasuwarsa ma ta yi sanyi a makonnin farko har aka fara lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi. Abin da ya tashe shi shi ne bakin waɗanda suka shiga suka gani, suka fito suna maimaita kalaman Gabbar Singh, ɗan fashin da Amjad Khan ya fito a matsayinsa, suna jan 'yan'uwa da abokai su je su gani. Daga ƙarshe fim ɗin ya shafe kimanin shekara biyar ana nuna shi a gidan siliman Minerva na birnin Bombay, kuma a yau manazarta suna sanya shi cikin manyan fina-finan Indiya. A wannan karon shaidu ne suka riga alƙalai ganin gaskiya.

Ko a tsakanin matarkan su ya su, hukunci ba ya zama wuri ɗaya. Fim ɗin Vertigo na Alfred Hitchcock ya fito a 1958 ya gamu da sharhi mai rabuwar kai, amma a 2012 ƙuri'ar masu tarke da mujallar Sight and Sound ta Birtaniya take gudanarwa duk bayan shekara 10 ta ɗora shi a matsayi na ɗaya, ya ture Citizen Kane wanda yake riƙe da matsayin tun 1962, sa'an nan a 2022 shi ma aka ture shi. Hitchcock ɗin kansa an daɗe ana ɗaukarsa mai nishaɗantar da jama'a kawai, sai da matasan marubutan mujallar Cahiers du cinéma ta Faransa, wadda aka kafa a 1951, irin su François Truffaut, suka tsaya kai da fata cewa babban mai fasaha ne. Abin lura a nan shi ne jama'a sun riga sun cika gidajen kallo domin fina-finansa da dama kafin masana su amince da shi. Idan sauya ra'ayi bayan wani lokaci aibi ne da zai hana mutum magana, to zai hana matarki kamar yadda zai hana ɗan kallo.

Bayan haka, akwai abin da ra'ayin farko yake kamawa wanda nazarin baya ba zai iya dawo da shi ba. Tsoro da dariya da mamaki sau ɗaya suke zuwa da cikakken ƙarfinsu, wanda ya kalli fim sau biyar domin ya rubuta maƙala ya riga ya san inda kowane abu zai faru. Saboda muhimmancin wannan ne ma aka kafa kamfanin CinemaScore a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, wanda aikinsa shi ne tsayawa a ƙofar gidajen silima a daren da fim ya fara fita yana karɓar makin da masu kallo suka ba shi, kuma manyan kamfanonin shirya fim suna duba wannan maki domin hasashen yadda labarin fim zai yaɗu a bakin mutane. Ɗumin da marubucin ya ɗauka aibi, shi ne abin da ake kashe kuɗi a auna kafin ya huce.

Wane ne ya rage ingancin fim?

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ita ce ta fi buƙatar a koma ga tarihin masana'antar. Kafin zuwan bidiyo an yi fina-finan Hausa na silima waɗanda masana suke yabawa, kamar Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma irin waɗannan ayyuka 'yan kaɗan ne, masu tsada, kuma ba su haifar da sana'ar da za ta ci da kanta ba. Sana'ar ta taso ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990. Sunan Kannywood, da ake kiran masana'antar da shi, ya fara bayyana a mujallar Tauraruwa a 1999, shekarar da Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano ta zo a 2001, babban taron masana na farko a kan fina-finan bidiyo na Hausa kuwa an yi shi a Kano a 2003, aka kuma buga takardunsa a 2004 ƙarƙashin editocin da suka haɗa da Abdalla Uba Adamu. Tsakanin Turmin Danya da wannan taro shekara 13 ne, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru babu wani alƙali da sana'ar take da shi face mai sayen kaset da abin da zai gaya wa maƙwabcinsa. Wannan alƙalanci ne ya raine ta har ta kai girman da masana suka ga ta cancanci a yi taro a kanta. Ba daidai ba ne a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta.

Kuskuren marubucin a nan shi ne ya ɗauki abin da kasuwa ta tilasta a matsayin abin da 'yan kallo suka roƙa. A zamanin kaset da faifai, tsakanin furodusa da mai kallo akwai dillalan Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda su ne suke yanke irin fim ɗin da za su saya, kuma bayan gagarumar nasarar da fim ɗin Sangaya ya samu da waƙoƙinsa sai aka mayar da waƙa da rawa sharaɗin ciniki, aka yi ta maimaita abin da ya taɓa kawo riba saboda jari kaɗan ne kuma satar fasaha tana cinye ribar da za a iya sake zubawa. A daidai wannan lokaci kuma ƙorafin da aka fi ji daga bakin jama'a shi ne waƙoƙi sun yi yawa, sutura ta saɓa wa al'ada, labarai duk iri ɗaya ne. Haka abin yake a yau da kasuwar faifai ta durƙushe aka koma fina-finai masu dogon zango, wato labarin da ake sakinsa kashi-kashi duk mako, irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So da ya yi tashe a YouTube. Tsarin samun kuɗi a wannan kasuwa ya dogara ne a kan talla da yawan kallo, saboda haka yana ingiza duk mai shiri ya tsawaita labari gwargwadon iko, kuma babu ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu kallon irin wannan shiri kamar cewa an ja labari. Ke nan a wurare da dama maganar ɗan kallo tana ja da abin da yake rage inganci ne, ita ce ma birkin da ya rage.

Akwai kuma wani ɓangare da maƙalar ba ta taɓo ba, wato su wane ne za a rufe wa baki idan aka bi shawararta. Gidajen silima na da wuri ne na maza, macen da take tsare mutuncinta ba ta zuwa, bidiyo ne ya shigar da fim cikin ɗakunan mata ya mayar da su babban rukunin masu kallo. Shi ya sa jigogin kishi da auren dole da zaman uwar miji suka mamaye fina-finan, kuma a kan waɗannan batutuwa matar da take zaune da abokiyar zama ta fi kowane mai digiri sanin inda labari ya yi gaskiya da inda ya yi ƙarya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An taɓa yin irin wannan muhawara a shekarun 1990 a kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda wasu masana suka ga ba su cancanci a kira su adabi ba, masu karatu kuwa, waɗanda mata suke da yawa a cikinsu, suka ci gaba da saye da haya. A yau ana rubuta kundayen digiri a kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino.

Inda marubucin yake da gaskiya

Adalci ya wajabta a amince cewa ba kowace magana a kan fim ce take da daraja ba. Sharaɗin shaida shi ne gani, kuma akwai masu yanke wa fim hukunci alhali ɗan guntun da aka yanko aka tura musu a waya kawai suka kalla, akwai masu yabo ko suka saboda son wani jarumi ko ƙin wani, akwai kuma waɗanda ake ba wani abu su kururuta. Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce, domin a 2019 kamfanin Rotten Tomatoes, mai tattara makin fina-finai a Amurka, ya hana jama'a yin tsokaci a kan fim kafin ya fito, bayan da aka yi wa fim ɗin Captain Marvel taron dangi tun ba a fara nuna shi ba. Amma abin da aka yi a can shi ne tace shaidu, a ware wanda ya gani daga wanda bai gani ba. Shaidar zur dalili ce ta tsananta bincike a kan masu shaida, ba a taɓa mayar da ita dalilin soke shaida daga shari'a ba. Haka kuma gaskiya ne cewa akwai abubuwan da ɗan kallo yake ji a jikinsa amma ba zai iya faɗin sanadinsu ba, kamar yadda haske ko sauti ko yankan hoto ya sa wata fitowa ta yi nauyi wata kuma ta yi lami.

A daidai wannan gaɓa ce aikin matarki yake farawa, kuma a nan ne giɓin gaskiya yake. Abin da fina-finan Hausa suke fama da ƙarancinsa shi ne tarke mai ɗorewa da ake rubutawa da Hausa, a wurin da masu kallo da masu shiryawa za su gani, a lokacin da fim yake tashe, domin mafi yawan nazarin da ake yi yana cikin kundaye da mujallun jami'a, da yawansa kuma da Turanci. Idan dubban mutane suka ce an ja wani shiri, aikin masani shi ne ya zauna ya nuna daga wane kashi labarin ya tsaya cik, wace fitowa ce aka maimaita, wane tauraro ne aka ƙirƙiro domin cike lokaci kawai, ta yadda darakta zai samu abin gyarawa, mai kallo kuma ya samu sunan abin da ya riga ya ji. Marubucin yana da ilimin da zai yi wannan aiki, kuma majalisar da yake so a yi wa shiru ta riga ta tara masa shaidun da zai fara da su.